Amsa kan ledar sitaci

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa da ya tambaya ko dafa sitacin rogo da gilisirin ya isa a samu leda, na gane inda ka dosa: so kake ka san ko abin zai shiga kasuwa. A haka dai, ba zai shiga ba.

Yin sa ba wuya. Sitaci giram 5, ruwa mililita 100, gilisirin giram 1.5, wato kashi 30 cikin ɗari na nauyin sitacin. Ka ɗora a wuta kana juyawa har zafi ya kai digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Celsius, ya yi kauri ya washe. Ka bar kumfar ta kwanta, in ba haka ba duk huji za ka gani. Ka zuba a faranti mai santsi ya bushe a digiri 40 zuwa 50. Gilisirin ya yi kaɗan, ya karye kamar busasshen ganye. Ya yi yawa, ya riƙa danƙo a hannu.

Inda gizo ke saƙar shi ne laima. Sitaci shan ruwa yake daga iska, ya saki jiki. Bayan 'yan makonni kuma sarƙoƙin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi sitacin su sake jeruwa, ya yi tauri ya tsage. Shi ya sa ake gauraya shi da roba mai ruɓewa irin su PBAT. Mater-Bi na kamfanin Novamont a Italiya irin wannan haɗin ne.

PLA kuwa, wata roba da ita ma ake iya samu daga sitaci, hanyarsa daban. A mai da sitacin gulukos, bakteriya su mai da shi asid ɗin laktik, sannan a ƙulla shi ya zama roba. Shi ma ba ya son... to, bar wannan, ga abin da ke ba ni haushi. Da an ce daga tsiro aka yi, sai mutane su ce ai zai ruɓe. Ina! Kamfanin Braskem a Brazil tun 2010 suke yin foliyetilin, wato robar ledar da muka saba da ita, daga rake, kuma daidai yake da na man fetur, ba ya ruɓewa. Rake ne fa, rake! PLA ɗin ma sai a wurin haɗa taki na masana'anta, mai zafi wajen digiri 58 da danshi. A juji zai daɗe yana nan.

Yawwa, abin da na fara faɗa: PLA na laushi tun daga digiri 55 zuwa 60, ba ya ɗaukar ruwan zafi.

Naka na sitacin rogo kuma, in ya bushe ka auna nauyinsa, ka ajiye kwana biyu a wuri mai laima, ka sake aunawa, ka turo mana lambobin.