Amsa: koya wa yara lokutan shekara

Malama, kin ce yaran ajinki sun kasa bambance damina, kaka, hunturu da bazara. Ni a nan Bauchi waƙa da hoto ne suka min aiki. Na ɗauki hoton gawo da wayata cikin Agusta, ba ganye ko ɗaya alhali ko'ina kore shar, na sake ɗauka a Janairu ya cika da ganye, wallahi yaran suka dinga musu wai haɗa hoton nayi! Sai muka tsara 'yar waƙa baiti huɗu, shamuwa ta damina, sussukar gero ta kaka, hazo da fashewar leɓe na hunturu, suna tafi suna amshi. Bazara kam ba sai hoto ba, zafin Afrilu ya ishe su.