Za a iya ƙera kwalbar da ba za a sake ɗura mata wani abu a ɓoye ba?

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfani da ke ɗura man inji a kwalaben roba. Kwanakin baya wani mai saye ya dawo mana da kwalba mai ɗauke da tambarinmu, murfinta a rufe, zoben da ke ƙarƙashin murfin bai tsinke ba, amma abin da ke ciki ba namu ba ne. Da muka bincika sai muka gane kwalbar tamu ce ta gaske, an tsince ta ne bayan an gama amfani da ita aka sake cika ta. Shin akwai irin kwalba ko murfin da zai hana a yi haka? Me ya kamata in nema wajen masu ƙera murfi?

Amsa: Malam, abu na farko da zan faɗa maka ba zai yi daɗin ji ba: babu kwalbar da ɗan Adam ya ƙera wadda wani ɗan Adam mai haƙuri da kayan aiki ba zai iya buɗe ta ya sake cika ta ba. Abin da masu wannan sana'a suke nema shi ne kwalbar da in an taɓa ta za ta bar alamar da mai saye zai gani da idonsa, kuma wahalar ɓoye alamar ta fi ribar da mai algus zai samu. Idan wani mai sayar da murfi ya ce maka nasa ba ya buɗuwa sam, ka riƙe kuɗinka tukuna.

Misalin da ya fi nuna wannan shi ne na gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Sochi ta ƙasar Rasha a shekarar 2014. Kwalaben da ake zuba fitsarin 'yan wasa domin gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari wani kamfanin Suwizalan mai suna Berlinger ne ya ƙera su, kuma murfinsu yana da haƙoran ƙarfe waɗanda in an murɗa sun kama, ba sa komawa baya, sai dai a fasa murfin da na'ura a ɗakin gwaji. Kowa ya yarda ba a buɗe su. Amma a 2016 tsohon shugaban ɗakin gwajin Mosko, Grigory Rodchenkov, ya bayyana cewa jami'an tsaron Rasha sun gano yadda ake cire murfin a mayar, ana miƙa kwalaben ta wani ɗan rami a jikin bango cikin dare, a zubar da fitsarin a ɗura wani mai tsabta. Binciken da masanin shari'a ɗan ƙasar Kanada, Richard McLaren, ya jagoranta ya sami ƙananan karce-karce a cikin murafen, waɗanda ba a ganinsu sai da na'urar ƙara girman abu. Alamar tana nan, amma alamar da sai masani ya nemo ta da na'ura ba ta da amfani ga wanda ya tsaya zai sayi kaya cikin minti ɗaya.

Akwai matsaloli biyu da mutane kan haɗa su wuri guda, kuma tambayarka tana kan ta biyun ne. Ta farko ita ce a buɗe kwalbar da ba a sayar ba tukuna, a sa wani abu ko a rage, a rufe. Wannan ce ta girgiza Amurka a 1982, lokacin da wani ya zuba gubar sayanaid a cikin kafson maganin Tylenol a yankin Chicago, mutum 7 suka mutu, kamfanin Johnson & Johnson ya janye kusan kwalabe miliyan 31 daga kasuwa, kuma kafin ƙarshen shekarar hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta sa hatimi a magungunan da ake saya ba tare da takardar likita ba. Zoben da ke tsinkewa a ƙarƙashin murfi, da ledar da ake ƙanƙance ta da zafi ta rungume wuyan kwalba, da takardar alminiyam da ke liƙe a baki, duk sun yaɗu ne domin maganin wannan matsala ta farko. Ta biyu kuwa ita ce kwalbar da aka riga aka sha ko aka juye, ta zama fanko, ta faɗa hannun mai jabu. A nan kwalbar ta gaske ce, takardar jikinta ta gaske ce, lambar da aka buga a jiki ma ta gaske ce. Murfi kaɗai yake buƙata.

To daga ina ya sami murfi mai zobe lafiyayye? Hanyoyin ba su da yawa. Mafi sauƙi shi ne ya sayi sabo, domin yawancin ƙananan kamfanoni suna amfani da wuyan kwalba mai awo na gama-gari, irin milimita 28 ko 38, kuma duk mai kuɗi zai iya sayen buhun murafe masu irin wannan awo da irin wannan launi. Hanya ta biyu ita ce zafi: roba tana laushi idan ta ji zafi, saboda haka zoben da aka ƙera shi sakwa-sakwa yakan iya tsallake kumburin da ke wuyan kwalba ya fito tare da murfin ba tare da 'yan siraran igiyoyin da suka haɗa su sun tsinke ba. Ta uku ita ce wadda masu kamfani ba sa son a ambata, wato murafen da ke fita ta bayan gida daga masana'antarsu ko daga wajen wanda ke ƙera musu. Kafin ka kashe ko sisi wajen sabon tsari, ka ɗauki murfin kwalbar da aka dawo maka da ita ka kwatanta da naka a gefe ɗaya, ka juya su ka duba ƙananan lambobin mazubi (wato abin da ake zuba narkakkiyar roba a ciki a ƙera murfi) da ke ciki. Idan lambobin iri ɗaya ne da na murafenka, ɓarakar a gida take ko kuma an zare murfin ne da dabara. Idan tsarinsu ya bambanta da na murafenka, mai yiwuwa sayo shi aka yi.

Abin da mutane suka fi sani da sunan kwalbar da ba a sake cikawa shi ne mai bawul a wuya. Masu sayar da barasa masu tsada ne suka fi amfani da shi, kuma kamfanin Guala na Italiya, wanda aka kafa a 1954, ya yi suna wajen ƙera shi. Tsarinsa ba shi da wuyar fahimta. Ana cusa wani bututun roba a cikin wuyan kwalba, a cikinsa akwai ɗan ƙwallon gilashi ko na roba da wani faifai da yake zaune a kan rami. Idan aka karkata kwalbar, ƙwallon ya gangara, faifan ya ɗaga, ruwa ya fita. Idan aka tsayar da ita aka zuba wani abu ta sama, nauyin ƙwallon da na ruwan da ake zubawa su ne ke danne faifan su toshe ramin. A saman wannan kuma akwai wasu 'yan katangu da aka karkace su domin kada waya ko allurar sirinji ta isa ga faifan ta ɗaga shi. An kai wannan tsari ga man zaitun ma: Fotugal ta wajabta wa gidajen abinci ajiye man a kwalaben da ba a sake cikawa tun wajen 2006, Tarayyar Turai ta so ta yi irin wannan doka a 2013 amma ta janye bayan suka ta yi yawa, sai Sifen da Italiya suka fara aiki da tasu a 2014.

Sai dai ba zan ba ka shawarar ka ruga ka sayi wannan ba. Man inji yana da kauri, kuma bawul yana rage gudun ruwa, yana kuma buƙatar iska ta shiga yayin da mai ke fita. Makanike da ke son ya juye lita 4 cikin hanzari zai sa wuƙa ya yanke wuyan kwalbar, ya kuma tsine wa wanda ya ƙirƙiro ta. Bayan haka, bawul yana hana mai mazurari ne kawai. Wanda ke da famfon zuƙe iska yana iya tura ruwa ta ciki sannu a hankali, wani kuma ba ya ma bi ta baki, gindin kwalbar yake hudawa ya cika ya toshe. Saboda haka ko masu barasa ba sa dogara da bawul shi kaɗai.

Ga irin kayanka, ƙa'idar da nake ganin ta fi muhimmanci ita ce: alamar buɗewa ta zauna a jikin kwalbar kanta, kada ta tsaya a murfi kaɗai, domin murfi ana canza shi, kwalba kuwa ita ce abin da mai jabu yake nema. Na farko, hatimin alminiyam da ake liƙawa da zafin maganaɗisu yana yin wannan aiki idan an yi shi da kyau. Ana sa faifan alminiyam mai shafin roba a cikin murfi, a rufe kwalbar, ta bi ta ƙarƙashin na'urar da ke dumama alminiyam ɗin ba tare da ta taɓa shi ba, shafin robar ya narke ya haɗe da leɓen kwalbar. Akwai irin da ake ɓarewa gaba ɗaya ya bar leɓen fes, akwai kuma irin da ke haɗewa har sai an huda shi, ya bar gutsattsarin alminiyam a zagayen baki. Na biyun za ka nema. Wanda ya so ya sake liƙa sabon hatimi dole ya kankare tsohon, kankarewar kuwa tana ɓata leɓen, sabon hatimin ya ƙi kamawa daidai, mai ya riƙa tsattsafowa. Amma ka sani ƙananan na'urorin liƙa hatimi na hannu suna nan ana sayarwa, haka ma faifan alminiyam marar rubutu, don haka naka ya zama an buga masa tambarinka da wani zane mai wuyar kwaikwayo.

Na biyu, ka sa a ƙera maka wuyan kwalba da murfi masu awon da ba na gama-gari ba. Wannan yana nufin sabon mazubi, kuma shi ne zai fi cin kuɗi a cikin duk abin da na lissafa, amma shi ne ke rufe ƙofar sayo murfi a kasuwa. A wuyan a sa haƙora masu kama zoben ta yadda ba zai juya baya ba, zoben kuma ya zama wanda ke tsagewa ya faɗi ƙasa ya bar tazara a fili tsakaninsa da murfi, ko ya bayyana wani launi dabam da ke ɓoye a ƙarƙashinsa. Zoben da ya tsinke amma ya zauna daf da murfi kamar ba abin da ya faru, ɗigon gam ɗaya ya isa ya mayar da shi sabo a idon mai saye.

Na uku shi ne lamba. Tarayyar Turai, tun 9 ga Fabrairun 2019, ta wajabta wa yawancin magungunan da likita ke rubutawa abubuwa biyu tare: hatimin da ke nuna an buɗe, da lamba ta musamman ga kowane kwali wadda ake kashe ta a rumbun bayanai lokacin da aka miƙa maganin ga majiyyaci. Hikimar tana cikin kashewar. Lambar QR da aka buga a jikin kwalba a fili, wadda kowa zai duba sau ɗari ta ce masa kayan na gaske ne, taimakon mai jabu take yi, tunda kwalbar da ya tsinto ta zo da ita. Lambar da ke da amfani ita ce wadda ke ɓoye a ƙarƙashin shafin da ake kankarewa ko a cikin murfi, wadda in an duba ta sau ɗaya, duk wanda ya sake dubawa za a gaya masa an riga an yi amfani da ita a rana kaza. Wata dabara mai sauƙi da za ka iya haɗawa da wannan ita ce buga lamba ɗaya da leza a kan murfi da kafaɗar kwalba, ko ma layi ɗaya da ya ratsa su biyun, ta yadda baƙon murfi zai tona asirin kansa. Akwai kuma 'yan na'urorin lantarki da ake liƙawa a murfi, masu siririyar waya da ke tsinkewa in an buɗe, wayar hannu ta karanta ta faɗi ko an taɓa buɗewa. Suna aiki, amma sun fi dacewa da kaya masu tsada ƙwarai.

Duk ƙarin da aka yi wa murfi yana da abin da yake ci. Haɗa alminiyam da gilashi da roba iri-iri a wuya ɗaya yana wahalar da masu sake sarrafa kwalabe, murfi mai taurin buɗewa kuma yana gallabar tsofaffi da masu ciwon hannu. Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan fanni shi ne yadda kamfanoni kan kashe dukiya wajen ƙera alama su manta su gaya wa mai saye abin da zai duba. Ƙa'idar Amurka ta magunguna ta tilasta a rubuta a jikin kaya irin hatimin da ya kamata a tarar, domin wanda bai san akwai hatimi ba ba zai san an cire shi ba. Ka rubuta naka da manyan baƙaƙe, da ɗan hoton yadda lafiyayyen murfi yake, ka kuma ƙara da roƙon a huda kwalbar bayan an juye. Idan za ka iya karɓar fankon kwalabe daga manyan masu sayenka kana ba su ɗan rangwame, ka yanke wa mai algus hanyar samun abin da ya fi buƙata.

Idan ka je wajen masu ƙera murfi, ka nemi su ba ka samfuri kamar 50 a kan irin kwalbarka, cike da irin manka, ka raba wa ma'aikatanka mafi wayo tare da ruwan zafi, wuƙa, sirinji da gam, ka yi alkawarin tukuici ga duk wanda ya buɗe ya cika ya rufe. Sannan ka jera waɗanda aka taɓa da waɗanda ba a taɓa ba a kan tebur, ka kira mutanen da ba su san komai game da gwajin ba, ka ba kowannensu daƙiƙa 10 ya ware. Ka rubuta minti nawa kowace kwalba ta ci kafin a cuce ta, da mutum nawa suka gane, sannan ka tambayi kamfanin a rubuce yadda yake ƙirga murafen da suka lalace a wajen ƙira da kuma wanda ke shaida niƙe su.