Agogon masallacinmu: 1 na kashe ido, 8 na dishi-dishi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran rediyo ne a unguwar Birni, nan Damagaram. Na haɗa wa masallacinmu agogo da Arduino (ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa shiri) da allon LED ja mai lambobi huɗu, mai katod a haɗe (sandunan kowace lamba ƙafa ɗaya suke mayar da wuta ta cikinta, ita ce ƙafar haɗaka). Yana aiki, amma da 11:11 haske har kashe ido yake, da 8:08 kuwa sai liman ya matso kusa kafin ya gani. Rezistans (abin rage ƙarfin wuta) ɗaya na sa wa kowace lamba a ƙafar haɗaka. Allon ne jabu?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Allonka lafiyarsa ƙalau, kada ka koma kasuwar Dole ka tayar wa mai shago da hankali. Laifin na wannan rezistans ɗin guda ne. Kowace lamba sanduna bakwai gare ta: 1 tana kunna biyu, 8 tana kunna bakwai ɗin gaba ɗaya. Kai kuwa ƙwarya ɗaya ta fura ka ajiye musu. In mutum biyu ne su ƙoshi, in bakwai suka taru kowa ya tashi da yunwa.

Sai ka cire shi, ka ba kowace sanda nata. Guda bakwai sun isa duka allon, tunda lambobin layi ɗaya suke sha, takwas in ka haɗa da ɗigon tsakiya. LED ja na cin kusan bolt 2 cikin 5 ɗin da kake ba shi, don haka rezistans om 220 zai bar wutar miliamfa 13 ko kusa da haka ta ratsa kowace sanda.

A nan taransista ke shigowa, wato makunni mai ƙafa uku da ƙaramar wuta ke buɗe wa babba hanya. Idan 8 ta kunna, sama da miliamfa 90 ne ke taruwa a ƙafar haɗaka, alhali ƙafar Arduino 20 ce daidai ƙarfinta, 40 kuwa iyakar da ba a wucewa. Shi ya sa ko ka gyara rezistans, muddin ƙafar Arduino ce ke ɗauke da wannan kaya, 8 za ta ci gaba da dusashewa, wata rana ma ƙafar ta ƙone. Sa wa kowace lamba taransista NPN: ƙafar kolekta zuwa katod, ƙafar emita zuwa ƙasa (GND), ƙafar bas kuma zuwa Arduino ta rezistans om 680. Wannan zai tura wa bas kusan miliamfa 6, ya buɗe shi sarai.

Na san BC547 ne cike da gwangwaninka, duk mai gyaran rediyo haka yake. Ni dai ban so shi a nan ba. Iyakarsa miliamfa 100, ga zafin Afrilu na Damagaram cikin akwati a rufe. Nemi BC337 ko 2N2222, amma duba jerin ƙafafunsu kafin ka kama su da dalma, don ba lallai su zo ɗaya ba. Na taɓa ɓata yini guda a kan wannan, ina zargin allo.

Saura shirin da ka rubuta wa Arduino. Lambobin bi da bi suke kunnawa, ido ne ke ganinsu tare. Ba kowace lamba lokaci daidai da na ƴar'uwarta, misali milisakan 2, kuma ka kashe ta kafin ka aika wa ta gaba sandunanta. In ba haka ba za ka riƙa ganin inuwar 5 kwance a kan 1 da asuba.