Yaya katako ke fitar da ruwa mai duhu da haske?

Tambaya: Malam, na ga zanen nan na Japanawa, na igiyar ruwan da ta taso za ta rufe kwale-kwale, aka ce mini da katako aka buga shi. Ni dai na san hatimi launi ɗaya yake fitarwa. To ta yaya ruwa da sararin sama suke farawa da duhu, su yi ta washewa har su koma fari?

Amsa: Malama, zanen Hokusai kika gani, wanda aka buga wajen 1831 cikin jerin zane-zanensa na dutsen Fuji. Kwatancenki da hatimi ya yi daidai, sai dai hatiman suna da yawa, kowane launi da nasa allon.

Aikin na mutum huɗu ne. Mai kuɗin ɗab'i ya ba da kwangila, mai zane ya zana a takarda marar kauri, masassaƙi ya kifa ta a kan allon icen ceri ya manne, ya sassaƙe duk inda babu layi. Zanen asali a nan yake ƙarewa, wuƙa ta cinye shi. Sannan a sassaƙa allon kowane launi, da 'yar alama a kusurwa da gefe, wadda suke kira kento, domin takarda ta riƙa zama wuri ɗaya komai yawan dawowarta. Shuɗin da ke jikin igiyar Hokusai, mai duhu da mai haske, haka aka same shi, allo bayan allo.

Washewar da kike tambaya kuwa, irin ta sararin da ke bayan dutsen, ba a sassaƙa ta. A hannun mutum na huɗu take, mabugi. Launinsu na ruwa ne, ana haɗa shi da ɗan kunun shinkafa. Mabugi zai shafa jiƙaƙƙen tsumma a ɓangaren allon da yake so ya yi haske, ya ɗiga launi a gefe ɗaya na burushi, ya yi ta kai da kawowa har launin ya narke cikin danshin. Sai ya ɗora takarda, ita ma mai ɗan danshi, ya murza bayanta da baren, wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Wannan dabara sunanta bokashi. Kowace takarda sai an sake mata wannan shafa daga farko, shi ya sa in kika jera bugu biyu na zane ɗaya, da wuya sararinsu ya zo iri ɗaya. Ni a ganina an ci haƙƙin mabugan nan, domin sunan mai zane ake gani a jiki, nasu da wuya ya fito.

Shi kansa shuɗin baƙo ne. Da can da shunin baba suke aiki, da na wani fure mai saurin koɗewa. Wannan kuwa a Balin ta Jamus aka fara haɗa shi, ya shigo ta tashar Nagasaki, ya yi araha gab da 1830, kuma yana karɓar washewa da kyau. Nan da nan koguna da teku suka cika kasuwar zane a Edo, wato Tokiyo ta yau.

In kina son ganin gwanintar sosai, nemi zanen Hiroshige na 1857, na ruwan saman da ya rutsa da mutane a kan gadar Ohashi, bisa kogin Sumida. Baƙin hadarin da ke sama bokashi ne. Ruwan kuma siraran layuka ne kashi biyu masu ɗan gittar juna, kuma ki tuna masassaƙi ba layin yake yankawa ba, katakon da ke gefe da gefensa yake cirewa ya bar shi tsaye kamar zare. Van Gogh, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holand, ya kwaikwayi wannan zane da fentin mai a 1887.

Igiyar Hokusai kuwa, tun watan Yulin 2024 tana bayan sabuwar takardar kuɗin Japan ta yen 1,000.