Amsa: jan kat-kat mai maɓallin lantarki daga Tahoua zuwa Yamai

Malam, ka tambaya ko a sauya wayoyin ƙaramin injin lantarkin da ke canza giyar kat-kat, don akwatin rarraba ƙarfi (mai raba ƙarfin injin ga tayoyin gaba da na baya) ya tsaya a furi, a jawo pikop ɗinka a kan tayoyinta huɗu. Ni dai shawarata, kada ka taɓa wayoyin. Ka bar motar a 2H, wato inda tayoyin baya kawai ke ja, ka kwance kardan na baya (dogon ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyin baya) daga wajen aksil, ka ɗaga shi sama ka ɗaure da waya mai ƙarfi. Kada ka zare shi daga akwatin, a wasu motocin mai zai tsiyaye. Ka sa alamar fenti kafin ka kwance, don ya koma yadda yake.

Dalili kuwa, na'urar motar ce ke karanta inda giya ta tsaya. Da zarar ka murɗa makulli don sakin sitiyari, tana iya mayar da giyar ba ka sani ba. Haka ta faru da tawa, wani mai gyaran waya ya yi mini irin haɗin nan, kafin Ƙonni akwatin giya ya ɗau zafi har da ƙauri. In otomatik ce abin ya fi muni, domin famfon man giyarta sai injin na aiki yake juyawa, ga tafiyar ta haura kilomita 500.