Na sa adaftar layin wuta, amma intanet ɗin ɗakin sama bai daina jan ƙafa ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina biyan kuɗin intanet mai gudun megabit 100 a sakan. Rautar tana falo a ƙasa, ɗakin da nake aiki kuma yana sama. A falo komai lafiya lau, amma a sama da ƙyar nake samun megabit 6, kiran bidiyo sai ya dinga sarƙewa. Na sayi adafta biyu irin masu tura intanet ta cikin wayoyin wutar gida, an rubuta AV1000 a kwalinsu, ta saman ma tana da nata Wi-Fi ɗin. Yanzu da safe nakan ga 20, da dare ya koma 8 ko ƙasa da haka. Rautar ce ta gaza, ko adaftocin ne jabu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sake sayen komai tukuna. Kafin intanet ya iso kwamfutarka, zango uku yake yi: daga kamfani zuwa rauta, daga adaftar ƙasa zuwa ta sama ta cikin wayar wuta, sannan daga adaftar sama zuwa na'urarka ta iska. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke gudun da kake gani, kuma lambar da gwajin gudu ya ba ka a ɗakin sama ba ta faɗa maka ko wanne ne. Sai ka auna kowane zango shi kaɗai.

Fara da na farko. Haɗa kwamfuta da rauta kai tsaye da kebul, ka kashe Wi-Fi ɗin kwamfutar, ka yi gwajin gudu da safe, ka sake yi da dare a daidai lokacin da abin yake lalacewa. In ka ga 90 da wani abu duk sau biyun, kamfani da rauta sun fita daga zargi. In kuwa a nan ma gudun yana faɗuwa da dare, cunkoso ne a layin kamfani, babu adaftar da za ta magance shi. Ka kuma lura da ma'auni: megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya, saboda haka layin 100 ba zai sauke fayil da gudun da ya wuce megabait 12.5 a sakan ba.

Zango na biyu na fi zargi. Lambar AV1000 ɗin nan ba alkawarin megabit 1000 ba ce, iyakar gudun sigina ce a kan waya mai tsafta kuma gajera, kafin a cire abin da gyaran kurakurai da musayar saƙo ke cinyewa. A gidan gaske, samun kashi ɗaya cikin uku na wannan lamba ma sa'a ce. Duk da haka 8 ya yi kaɗan ƙwarai, akwai abin da ke shaƙe siginar.

Ga yadda za ka gane. Sauko da adaftar sama, ka soka ta a soket ɗin bango a ɗaki ɗaya da ta ƙasa, ka haɗa kwamfuta da ita da kebul. In ka samu kusan cikakken gudunka, adaftocin lafiyarsu ƙalau, matsalar tana cikin wayoyin gida. Yawancin kamfanoni suna da manhajar da ke nuna gudun da ke tsakanin adafta biyu (ta TP-Link sunanta tpPLC), ita ce madubinka a duk gwajin da zai biyo baya. Rubuta lambar da ta nuna a nan, ka mayar da adaftar sama, ka sake dubawa.

Waɗannan adaftoci masu tsarin HomePlug AV2 suna ɗora bayanai ne a kan wayar wuta da mita tsakanin megahaz 2 zuwa 86, wayar da ba don wannan aiki aka shimfiɗa ta ba. Babban abin da ke kashe su shi ne ekstenshan, musamman mai kariya daga hauhawar wuta. Matatar da ke cikinsa tana ɗaukar siginar intanet a matsayin ƙazantar wuta, sai ta tace ta. Haka UPS da sitabilaiza. Adafta a jikin soket ɗin bango take zama, dukansu biyun, ba tare da komai a tsakani ba. In soket ɗaya ne a wurin, akwai adafta mai soket a gabanta, wadda za ka iya soka ekstenshan a jikinta, kuma matatarta tana tare hayaniyar kayan da ke bayanta.

Faɗuwar gudu da dare kuwa alama ce mai kyau, domin tana nuna mai laifin yana da lokacin zuwa. Da dare ake kunna ƙwayayen fitilar LED, a soka cajar waya a kowane lungu, a kunna talabijin da na'urar sanyaya ɗaki. Caja mai araha da makunnin rage hasken fitila sun fi kowa zuba hayaniya a layi, sai kayan da ke da mota a ciki kamar firiji da injin jan ruwa. Da dare ka buɗe manhajar nan, ka dinga zare kaya ɗaya bayan ɗaya, ka fara da na kusa da adaftocin, kana jiran kamar minti ɗaya bayan kowanne. Sau da yawa caja guda ce a soket ɗin da ke maƙwabtaka da adaftar, kana zare ta lambar ta yi tsalle. Mayar da ita wani ɗaki ko ka canja ta.

In ka zare komai lambar ba ta motsa ba, tsarin wayarin ɗin ne. Siginar ba ta bin bango ta hau sama kai tsaye, sai ta koma akwatin rarraba wuta, ta ratsa makatsan wuta, sannan ta bi layin sama, kowane mahaɗi yana rage mata ƙarfi. A gidan da wutarsa ke da layi uku, in ƙasa na kan wani layin sama na kan wani, abin da ke tsallakawa kaɗan ne. Haka in soket ɗaya na kan inbata ɗayan kuma ba ya kai. Gwada duk soket ɗin da ke sama, domin biyu a ɗaki ɗaya kan ba da sakamako mabambanci. Akwatin rarraba wutar kuwa kada ka buɗe shi da kanka, aikin mai gyaran wuta ne, shi zai gaya maka soket ɗin da ke layi ɗaya.

Saura zango na uku. In kebul daga adaftar sama ya ba ka, a ce, 60, amma Wi-Fi ya ba ka 15, to matsalar a iska take. Abu na farko, tabbatar da wurin da na'urarka ta maƙale. Waya da kwamfuta suna da naci: sukan ci gaba da riƙe siginar rautar falo mai rauni alhali ga adafta a gefensu. Ba wa Wi-Fi ɗin adaftar suna daban na ɗan lokaci don ka san da wanda kake magana. Ƙarfin sigina ana auna shi da dBm: -50 yana da kyau ƙwarai, -67 ya isa kiran bidiyo, daga -75 zuwa ƙasa sai haƙuri.

Sannan ka zaɓi Wi-Fi na gigahaz 5 in kana ɗaki ɗaya da adaftar. Ya fi gudu, ya fi ƙarancin cunkoso, rauninsa kawai ratsa kankare. Na 2.4 ya fi nisa, amma tasha uku ne kacal a cikinsa ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma duk maƙwabta a nan suke, ga Bluetooth da tandun maikurowef. Sa rauta a ɗaya, adafta a wata, faɗin tasha megahaz 20. Duba tsaron ma: in yana kan WEP ko TKIP, gudun ba zai wuce 54 ba ko da na'urar sabuwa ce. Mayar da shi WPA2 mai AES, ko WPA3.

In bayan duk wannan adaftocin ba su ba ka sama da 30 ko 40 ba, wayoyin gidan sun kai iyakarsu, kuma sayen adaftar AV2000 ba lallai ya kai ka inda kake so ba, tunda ƙarin gudunta ya dogara da ingantacciyar waya ta uku, wato wayar kariya da ake kira "earth", a kowane soket. Na'urar maimaita sigina mai rediyo ɗaya ma raba gudu biyu take yi, domin da baki ɗaya take karɓa take mayarwa. Abin da zan ba ka shawara shi ne kebul na Cat5e ko Cat6 daga rauta zuwa sama, yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100, ka sa ƙaramar na'urar Wi-Fi a ƙarshensa. In tsohuwar rauta za ka yi amfani da ita a nan, kashe DHCP ɗinta, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, ka soka kebul ɗin a ramin LAN, don kada na'ura biyu su dinga rabon adireshi a gida ɗaya. Ka nemi kebul na jan ƙarfe zalla, ba wanda aka rubuta CCA (alminiyam da aka lulluɓe da jan ƙarfe) a jikinsa ba, kuma mai ɗaura kan ya gwada duk silin takwas ɗin, domin ɗaya ya tsinke layin kan faɗo daga 1000 zuwa 100, ko ya ƙi haɗuwa gaba ɗaya.