Hukuncin Allurar Rigakafin HPV Ga Ɗalibar Da Ba Ta Yi Aure Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar jami'a ce, shekarata 20, ban yi aure ba. An kira mu mu karɓi allurar rigakafin HPV, sai 'yan ɗakinmu suka ce duk wadda ta je ta tona wa kanta asiri, tunda ta saduwa ake ɗaukar cutar. Wasu kuma sun ce tana hana haihuwa. Ya halatta in karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ya halatta, 'yata, karɓar ma ta fi bari.

Malaman fiƙihu sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙarsa. HPV ƙwayar cuta ce mai nau'o'i sama da 200. Galibi jiki kan kore ta ba tare da an sani ba, amma idan ta zauna shekaru tana iya zama sankarar bakin mahaifa. Nau'i biyu kaɗai, 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta kashe mata kusan 350,000 a 2022. Allurar kuwa tun 2006 ake yin ta, kuma babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Kamannin ɓawon ƙwayar ake nuna wa garkuwar jiki don ta gane ta ranar da suka haɗu.

Neman magani sunna ce. Annabi (SAW) ya ce ku yi magani, domin Allah bai sanya cuta ba face ya sanya mata magani, ban da tsufa. Tare cuta kafin ta sauka ma yana da asali: Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ci dabinon Ajwa bakwai da safe, guba ko sihiri ba za su cutar da shi ba a ranar. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce gudun ƙaddara yake yi, sai ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Maganar 'yan ɗakinku ita ta fi damuna. Gaskiya ne ta kusantar juna ake ɗauka, sai dai ƙwayar ba ta tambayar ko an ɗaura aure. Mace ta tsare kanta, ta shiga ɗakin miji da budurcinta, mijin kuma ya taɓa aure na halal, yana ɗauke da ƙwayar bai sani ba, domin sau da yawa ba ta nuna alama a jikin namiji. Bayan shekara 15 ko 20 sai ga jini yana zuba mata ba lokacin al'ada ba. Wa ya yi zina a nan? Allurar ta fi amfani kafin a fara saduwa, shi ya sa ake farawa da 'yan shekara 9 zuwa 14. Ke nan mai kamun kai irinki ce ta fi cin moriyarta. Masu zargi su ji tsoron Allah, wani sashe na zato zunubi ne, kamar yadda ya zo a Suratul Hujurati.

Masu cewa a hana don toshe ƙofar ɓarna, ƙa'idar gaskiya ce, amma ba gurbinta ba ne. Tana aiki ne inda abu kan kai ga haram a galibi. Zina haramun ce da allura ko babu, kuma allurar ba ta kare kowa daga ƙanjamau, balle fushin Ubangiji.

Batun haihuwa na likitoci ne, kuma an umarce mu da tambayar masana. Bibiyar da aka yi shekara da shekaru ba ta nuna tana hana haihuwa ba. Abin da aka sani shi ne ciwon dantse, ɗan zazzaɓi ko jiri. Sankarar ce ma kan sa a cire mahaifa ɗungurum.

Ban ce wajibi ce ba. Wadda ta bari ba ta yi zunubi ba. Ki sanar da iyayenki don ladabi da kore zato. Mai ciki ta jinkirta. Allurar ba ta warkar da ƙwayar da ta riga ta shiga, don haka matan aure su riƙa zuwa gwajin bakin mahaifa, a hannun likita mace idan akwai. Samari ma ya halatta su karɓa, domin ƙwayar na jawo musu sankarar maƙogwaro da ta al'aura.

Wallahu a'alam.